NAZARI: Auna wasannin bidiyo da ma'aunin Musulunci: abin da Iran, Saudiyya da Indonesiya suka gwada, da inda gizo ke saƙa

A ƙarshen watan Satumban 2025 aka sanar da wata yarjejeniya da ta ja hankalin masu bin kasuwar wasannin bidiyo: asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, wato PIF, da haɗin gwiwar wasu kamfanonin zuba jari biyu na Amurka, zai sayi kamfanin Electronic Arts a kan kimanin dala biliyan 55. Wannan kamfani shi ke yin wasan ƙwallon ƙafar da aka daɗe ana kira FIFA, wanda yanzu ya koma EA Sports FC. Da wuya a leƙa gidan gem, ko a Jidda ko a Nyanya, ba a tarar da samari sun duƙufa a kansa ba.

Makonni kaɗan kafin wannan sanarwa, Ƙatar da Kuwait sun toshe dandalin Roblox, inda ɗimbin yara ke wasa suna hira da mutanen da ba su taɓa gani ba. Turkiyya ta riga su ɗaukar irin wannan mataki tun watan Agustan 2024. Wato a yanki guda kuma a zango guda, wata ƙasar Musulmi tana zuba dukiya don ta mallaki masana'antar, maƙwabtanta biyu kuma suna garƙame ƙofa a gaban wani ɓangare nata.

Abubuwan biyu sun sake tayar da tambayar da aka shafe kusan shekara ashirin ana juyawa: shin za a iya auna wasan bidiyo da ma'aunin Musulunci, a liƙa masa alamar da za ta gaya wa uba ko uwa ko ya dace da ɗan shekara bakwai? An gwada, gwajin kuma ya bar darasi. Yawancin tsare-tsaren da aka kafa sun fi duba abin da wasa ke nuna wa yaro a allo, alhali malaman fiƙihu na farko sun fi auna wasa da abin da yake yi wa mai yin sa: a aljihunsa, a lokacinsa, da a harshensa.

Asalin alamar shekaru

Ba Musulmi ne suka fara auna wasanni ba. A watan Disambar 1993 Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman jin ba'asi kan wasanni irin su Mortal Kombat da Night Trap, bayan an yi ta kokawa da zubar da jinin da ke cikinsu. Don gudun kada gwamnati ta gindaya musu doka, kamfanonin suka kafa tasu hukumar, ESRB, a 1994. Turai ta biyo baya da PEGI a 2003, mai rukunan shekara 3, 7, 12, 16 da 18, tare da ƙananan alamomin da ke nuna ko akwai tashin hankali, ashar, tsoratarwa, miyagun ƙwayoyi, batsa, wariya ko caca.

Waɗannan ma'aunai suna da amfani, sai dai an saƙa su ne bisa abin da al'ummar da ta ƙirƙiro su ke ƙyama. Wasan da ake roƙon gunki ya ƙara wa jarumi ƙarfi, ko wanda aka mai da wurin ibada fagen harbe-harbe, ba shi da wata alama ta musamman da za ta faɗakar da iyaye. Ko Jamus da ke tsakiyar Turai ba ta bi PEGI ba. Ta riƙe tata hukumar, USK, domin tarihinta ya sa tana kallon tashin hankali da alamomin 'yan Nazi da wani ido daban. Idan Jamus za ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba abin mamaki ba ne don ƙasashen Musulmi sun faɗi haka.

Iran: wadda ta fara, ba ta samu mabiya ba

A 2007 Iran ta kafa hukumar ESRA a ƙarƙashin gidauniyar wasannin kwamfuta ta ƙasar. Rukunanta su ne shekara 3, 7, 12, 15 da 18, kuma a farkon tsarin har da rukunin shekara 25 zuwa sama, wanda daga baya aka ajiye. Abin da ya bambanta ta da takwarorinta shi ne jerin abubuwan da take dubawa. Baya ga tashin hankali, tsoro, taba da kayan maye, da abin da ke motsa sha'awa, ta ƙara keta alfarmar addini, saɓa wa ɗabi'un zaman jama'a, da cusa yanke ƙauna. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin a Musulunci ɗebe tsammani daga rahamar Allah babban laifi ne, kuma labarin da ke koya wa matashi cewa rayuwa ba ta da wata ma'ana yana iya yi masa illa ko da ba a zubar da ɗigon jini a ciki ba.

A ƙarshen 2010 an gabatar da tsarin a wani baje kolin wasanni a Dubai, da fatan sauran ƙasashen Musulmi za su rungume shi. Hakan bai faru ba, kuma dalilan a fili suke.

Na farko shi ne rashin ƙarfin kasuwa. Iran tana ƙarƙashin takunkumin tattalin arziki, ba ta kuma cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka. Manyan kamfanonin wasanni ba sa sayar da kayansu a can kai tsaye, abin da ya daɗe yana yawo a kasuwa kwafi ne. Hatimin ESRA, komai kyansa, ba ya tilasta wa mai ƙera wasa a Tokyo ko Kalifoniya ya sauya ko hoto ɗaya.

Na biyu shi ne cakuɗuwar addini da siyasa. A 2011 hukumomin ƙasar sun haramta Battlefield 3 saboda ya nuna sojojin Amurka suna kai farmaki Tehran. A 2016 sun haramta 1979 Revolution: Black Friday, wasan da ke ba da labarin juyin juya halin ƙasar ta fuskar da gwamnati ba ta so. A wannan shekarar kuma suka hana Pokémon Go bisa dalilan tsaro. Kowace gwamnati tana da abin da take karewa, amma idan hannun da ke buga hatimin "ya saɓa wa addini" shi ne kuma ke buga na "ya saɓa wa gwamnati", mahaifin da ke Jakarta ko Alƙahira ba zai san wanne aka buga masa ba. Ga kuma takun saƙa tsakanin Tehran da Riyad, wadda ta kai ga yanke hulɗar jakadanci daga 2016 zuwa 2023.

Saudiyya: mai kuɗi ake saurara wa

Saudiyya ta fito da nata tsarin a 2016 ta hannun hukumar kula da kafofin sauti da hoto, wadda yanzu ta koma hukumar daidaita kafofin yaɗa labarai. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta bi sahu a 2018. Lambobin shekarun sun yi kama da na Turai, amma ma'aunin na gida ne. Bambancinsu da Iran shi ne, kasuwar yankin tana da kuɗi, don haka kamfani yana da zaɓi biyu: ya gyara abin da aka ce ya gyara, ko ya haƙura da cinikin. A 2023 hukumar Saudiyya ta bayyana cewa ba za a sayar da Final Fantasy XVI a ƙasar ba, domin masu shi ba su amince su yi gyaran da aka nema ba.

Sai dai labarin Saudiyya yana da wata fuskar. A 2001 kwamitin fatawa na ƙasar ya haramta wasan Pokémon, kuma cikin dalilansa har da kamanceceniyar katunan wasan da caca. A 2022 kamfanin Savvy, mallakar PIF, ya bayyana shirin zuba riyal biliyan 142 a harkar wasanni. A 2023 ya sayi kamfanin Scopely a kan dala biliyan 4.9, shi kuma Scopely a 2025 ya sayi sashen wasanni na Niantic, har da Pokémon Go, a kan dala biliyan 3.5. A tsakani, Riyad ta fara karɓar baƙuncin gasar wasannin bidiyo ta duniya a 2024, da kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60.

Katin da yara ke caca da shi daban, wasan waya daban, don haka ba dole ba ne a ce fatawar da cinikin sun ci karo. Amma ƙasar da ta zama alƙali kuma mai kaya a kasuwa guda tana da aiki a gabanta kafin ta gamsar da duniya cewa ma'auninta ba ya karkata inda ribarta take.

Fatawa da toshewa

Inda babu ma'auni, abin da ya fi sauƙi shi ne haramtawa, kuma wasan PUBG ne ya fi shan wannan hukunci. Majalisar dokokin Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana shi a watan Afrilun 2019. Majalisar malamai ta lardin Aceh a Indonesiya ta ba da fatawar haramcinsa a watan Yuni, Jodan ta toshe shi a Yuli. Pakistan ta dakatar da shi a farkon Yulin 2020, ta janye matakin kafin wata ya ƙare. Gwamnatin Taliban ma ta ba da umarnin hana shi a 2022.

Toshewa tana kwantar da hankalin hukuma, amma ba ta cika kai wa ga yaro ba. Matashin da ya iya sauke wasa ya iya sauke manhajar VPN mai ɓad da sawu. Abin da ake rasawa shi ne bayani: uban da aka ce masa an haramta wasa ɗaya bai san komai ba game da sauran ɗari da ke wayar ɗansa.

Gwamnatin tsakiya ta Indonesiya ta bi wata hanyar. Ƙasar ce ta fi kowace yawan Musulmi a tarihin baya-bayan nan, amma tana da addinai shida da hukuma ta amince da su. Tsarinta, IGRS, wanda aka kafa a 2016 aka sabunta a 2024, bai kira kansa na Musulunci ba. Ya ɗauki abubuwan da jama'ar ƙasar suka yi tarayya wajen ƙyama, kamar caca, batsa da kayan maye, ya mai da su ma'aunin hukuma, ya bar wa malamai fagen wa'azi da fatawa.

Abin da ido ke gani shi ya fi sauƙin gyara

Wani abin lura shi ne, a kan taɓa alamomin addini kamfanoni sun daɗe suna janyewa da sauri, ko babu wata hukumar Musulunci da ta matsa musu. A 2003 Microsoft ya janye Kakuto Chojin daga kasuwa saboda an sa karatun Alƙur'ani cikin sautin wasan dambe. A 2008 Sony ya ɗage fitar da LittleBigPlanet a duniya baki ɗaya, bayan an gano ayoyi biyu a cikin wani kiɗa na marigayi Toumani Diabaté, makaɗin kora ɗan ƙasar Mali, wanda shi kansa Musulmi ne. A 2012 an cire wani fage na Call of Duty: Modern Warfare 2 na ɗan lokaci saboda rubutun hadisi da aka rataya a banɗaki. A 2020 masu PUBG Mobile sun cire wani sashe da ɗan wasa ke rusunawa gaban gunki, suka nemi afuwa. A 2021 Activision ya nemi gafara kan shafukan Alƙur'ani da aka warwatsa a ƙasa cikin Call of Duty: Vanguard.

Duk waɗannan laifuffuka ne da ido ke gani ko kunne ke ji. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ma'aunin da malamai suka bari

Muhawara kan wasa ta girmi kwamfuta da fiye da shekara dubu. Hadisi ya zo da hani kan nardu, wasan da ake jefa ƙwayoyi masu ɗigo irin na ludo. A kan shaɗaranji, darar nan ta sarki da dawaki, malamai sun saɓa. Imam Malik ya ƙyamace shi. Malaman Shafi'iyya kuwa ba su kai shi ga haramci ba matuƙar an kiyaye sharuɗɗa uku: kada a sa kuɗi, kada ya shagaltar daga salla, kada ya jawo zagi da alfasha. A Iran ma an hana shaɗaranji bayan juyin juya hali, sai a 1988 Ayatullahi Khumaini ya halatta shi bisa sharaɗin babu caca.

Idan aka ɗora waɗannan sharuɗɗa uku a kan wasannin yau, sai a ga sun faɗa daidai kan wuraren da suka fi ciwo.

Na farko, kuɗi. Wasanni da yawa kyauta ake sauke su, ribar tana fitowa ne daga abin da ake saye a ciki, musamman akwatin sa'a: a biya kuɗi na gaske a buɗe akwati, ba a san abin da zai fito ba. A EA Sports FC yaro yana sayen ƙunshin katuna da fatan shahararren ɗan ƙwallo zai faɗo. Wannan shi ne cinikin biri a sama, abin da fiƙihu ke kira cinikin garari, kuma yana da kusanci da cacar da Suratul Ma'ida ta haɗa da giya wajen hani. Kamfanoni suna kare kansu da cewa mai saye ba ya tashi hannu rabbana, kuma abin da ya samu ba a canza shi zuwa kuɗi. Wata kotun Holan ta karkata ga irin wannan hujja a 2022, gwamnatin Birtaniya ma a wannan shekarar ta zaɓi kada ta sa akwatunan ƙarƙashin dokar caca. Amma Beljiyam ta ayyana su a matsayin caca tun 2018, abin da ya sa EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a can a farkon 2019. Ostireliya, daga watan Satumban 2024, ta ɗaga alamar duk sabon wasa mai akwatin sa'a zuwa rukunin da ba a shawartar 'yan ƙasa da shekara 15 su yi, wasan kwaikwayon caca kuma sai ɗan shekara 18. Ƙasashen da aka fi sani da tsaurarawa a wannan batu ba na Musulmi ba ne, duk da cewa Musulmi ne ke da nassi ƙarara a kai. Nan ne kuma cinikin EA zai zama zakaran gwajin dafi ga Saudiyya, domin ƙunshin katunan yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin kamfanin.

Na biyu, lokaci. Ana tsara wasanni da yawa ta yadda barin su zai yi wuya: kyautar kullum ga wanda bai yi fashi ba, gasa mai wa'adi, abokan da za su yi asara idan mutum ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta a 2019. Sin ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa uku a mako a 2021. Wasan da ba shi da jini ko tsiraici, wanda duk hukumomi suka ba shi alamar shekara 3, yana iya cinye La'asar da Magariba da aikin makaranta.

Na uku, harshe. Tuntuni ESRB ta bayyana cewa alamarta ba ta shafi abin da 'yan wasa ke faɗa wa juna ta intanet ba. A dandali irin Roblox masu amfani ne da kansu ke ƙera wasannin, kullum ana ƙara sababbi, kuma haɗarin da ya sa aka toshe shi ya fi alaƙa da wanda ke magana da yaro fiye da zanen da ke allo.

Wa ke riƙe da ƙofa

Ko ma'auni ya yi kyau, sai ya isa inda ake sauke wasa. Zamanin faifai a kanti yana wucewa, yawancin yara a waya suke wasa. A 2013 manyan hukumomin tantancewa suka kafa gamayyar IARC, Google Play kuma ya fara aiki da ita a 2015. Mai ƙera wasa yana cike fom ɗaya na tambayoyi, na'ura ta fitar masa da alamar kowane yanki bisa ma'aunin hukumar yankin. Ƙasar da ba ta da hukuma a teburin, alamar wasu ko ta gama-gari ake nuna wa 'yan ƙasarta. Duk wani tsari, na addini ko na hukuma, da bai shiga rumbun manhajoji ba, zai ƙare a takarda.

Abin da ya shafi Najeriya

Wasannin da ake muhawara a kansu a Doha da Jakarta su ne ke wayoyin yara a Gwarinpa da Mararaba, don haka tambayar za ta iso teburin jami'an tarayya ko ba jima ko ba daɗe. Amma hanyar Iran ko Saudiyya ba ta buɗe ba, domin sashe na 10 na kundin tsarin mulki ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa tana aiki ne da dokar 1993, wadda aka rubuta a zamanin kaset. A kan caca kuma, hukuncin Kotun Ƙoli na watan Nuwambar 2024 ya mayar da ikon kula da ita ga jihohi, ya bar wa tarayya Abuja kaɗai. Idan aka ɗauki akwatin sa'a a matsayin caca, batun ya tafi jihohi. Idan aka ɗauke shi a matsayin kare mai saye ko kare bayanan yara, akwai hukumar FCCPC da dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta tanadi neman izinin iyaye. Wannan rabon iko sai an warware shi kafin a yi maganar hatimi.

Misalin Indonesiya ne ya fi kusa da yanayin ƙasar nan, kuma an riga an taka irin wannan hanya: ƙa'idar 2024 da ta hana ƙawata tsafin neman kuɗi da shan taba a finafinai ba ta ambaci wani addini ba, amma masallaci da coci duk ba su da ja a kanta. Abin da hukuma za ta iya yi shi ne ta tilasta bayani: a rubuta ƙarara, da Hausa da sauran manyan harsuna, ko wasa yana da akwatin sa'a, ko yana barin baƙo ya yi wa yaro magana, ko yana taɓa alamomin addini, sannan ta nemi kujera inda ake raba alamomin. A kan wannan bayani ne majalisun malamai da jami'o'i za su iya gina jagora na ganin dama, kamar yadda tambarin halal ke yi wa mai saye jagora ba tare da an rufe kasuwa ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya san inda ya karkace. Shekarun da aka yi ana gwaji daga Tehran zuwa Riyad sun nuna cewa rufe jikin jaruma da goge gunki daga allo su ne mafi sauƙi cikin aikin. Tambayoyi ukun da malamai suka yi wa mai buga shaɗaranji, ko ya sa kuɗi, ko salla ta wuce shi, da kuma abin da ke fita daga bakinsa, har yanzu su ne alamar da ke kan yawancin wasanni ba ta amsa wa iyaye ba.